Sikon ɗin Goggo, daga Sa'alaba zuwa Abhur

Ladan na cikin kiran assalatu muka kama hanyar filin jirgi, ni da ogana na kasuwar waya da mahaifinsa. Kada ku ce na yi kuɗi, jama'a. Ogan ne ya biya mini Umra don in riƙa tura Baba a keke, tunda ƙafarsa ta ƙi. Ni da ko Zariya ban taɓa wucewa ba, sai ga ni a sama an ɗaure ni da bel, ina leƙen Kano ta taga ta koma kamar tabarma. Alhamdu lillahi mun yi ibada lafiya, na tura Baba ɗawafi da sa'ayi har ƙafafuna suka san sun zo Makka. Amma yau labarin Jidda zan ba ku.

Kafin in taho babana ya ɗaure mini ƙulli: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji, ya ce in kai wa yayarsa, Goggo, wadda ke zaune a Jidda tun kafin a haife ni. Ban taɓa ganinta ba sai a waya. Da muka gama Umra na roƙi oga kwana biyu, ya ce in je amma kada in ɓata, don in na ɓata kuɗin jirginsa ne ya ɓata.

Ranar Alhamis da safe na shiga motar haya daga Makka. Titi sumul, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, ba rami ko ɗaya. Har na fara kewar ramukan unguwarmu, don su ke tashe ni in na yi gyangyaɗi. Direba ba abin da yake faɗa sai "yalla, yalla", ko da ba kowa a gabansa. Awa guda da 'yan mintoci muka shiga Jidda. Ina buɗe ƙofa zafin garin ya rungume ni. Ba irin namu ba ne mai ƙona fata, wannan mai danƙo ne, kamar an shafa maka koko a jiki.

Sa'alaba, inda Goggo ke zaune, unguwa ce ta tsofaffin gidaje gajeru, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a kan kowa, kyanwoyi kuwa sun fi mutane isa. Na tsaya wajen wani mai tamis, wani faffaɗan burodi da ake manna wa a jikin tanderu, na ci da wake dafaffe da suke kira ful. Riyal kaɗan na biya na ƙoshi har wuya. Ina cikin tambayar hanya da Larabcina na Islamiyya sai wani dattijo ya ce, "Kai, yi Hausa kawai, kana wahalar da mu." Shi ya raka ni har ƙofar Goggo.

Goggo ta rungume ni tana kuka, ta ce kunnuwan babana na kwaso kaf. Ta shinshina daddawa ta lumshe ido. 'Yarta, wadda aka haifa a can, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai rabi ya zube cikin Larabci. Ina zama na ga faranti cike da wasu dunƙulallun abubuwa masu ruwan ƙasa. Kun san ni da abinci, ba na jiran gayyata. Na ɗauki ɗaya na gatsa, haƙorina ya ce ƙas.

Na ce, "Goggo, wannan na jifan Shaiɗan ne kika tara tun yanzu?"

Ba wanda ya yi dariya. Goggo ta juyar da kai. Nan na gane bakina ya sake ja mini.

'Yarta ce ta warware mini. Goggo ta fi shekara ashirin tana girki a wani gida a Abhur, unguwar masu hali da ke bakin teku. Tsohuwar gidan da ta ɗauke ta aiki ta rasu, yanzu matar ɗan marigayiyar, wadda suke kira Madam, ke riƙe da gida. Ita kuwa Madam a Ingila ta yi karatu, can ta saba da wani abu wai shi sikon, tsakanin burodi da biskit, ana ci da shayi da safe. Shi take so duk Juma'a, ranar hutunsu. Sau biyu Goggo na yi yana fitowa dutse. Gobe ƙawayen Madam za su zo karin kumallo, kuma ta riga ta faɗa: in aka sake, halas, za ta nemo wata kuku. Ga shi mijin Madam shi ne kafilin Goggo, wato wanda ya tsaya mata a ƙasar, iƙamarta ta izinin zama a hannunsa take. In aikin ya tafi, zaman ma ya girgiza.

Na ce a yi a gabana in gani. Goggo ta narka bota a wuta, ta zuba a fulawa, ta kawo ruwan ɗumi. Sannan ta naɗe hannun riga ta hau kwaɓin nan da murza, tana dannawa tana naɗewa kamar ya zage ta. Ta gama ta rufe da zane wai ya tashi, yadda ake wa funkaso. 'Yarta ta miƙo waya, ga wata Baturiya tana yi, da ƙyar take taɓa garin. Goggo ta ture wayar.

"Rabu da ita, ba ta da ƙarfi ne. Kwaɓin da bai sha hannu ba, ka ba baƙo? Ai cin mutunci ne."

To ni fa ina da tarihi. Na taɓa aiki a gidan burodi a unguwarmu, wata biyu aka kore ni. Mai gidan ya ce hannuna kamar dafaffiyar taliya, kwaɓi na ganina yake dariya. Da na kalli Baturiyar nan sai na ga 'yar'uwata a lalaci. Na ce, "Goggo, ba ni wuri, wannan aikin namu ne na ragwaye."

Na sa aka ciro bota daga firji, mai sanyi ƙarara, don a zafin Jidda kana juya baya ta zama mai. Na yayyanka ta cikin fulawa da bekin fauda da ɗan sukari da gishiri, na riƙa murtsukawa da kan yatsu kawai. Na zuba laban, nononsu mai ɗan tsami, shi ma mai sanyi. Na tattara kwaɓin sau uku ko huɗu na tsaya, don dama nan ƙarfina yake ƙarewa. Goggo na gefe tana salati. Na baje shi da kauri, na yanka da gwangwanin tumatir, aka sa a furun, wato murhun gashi, da wuta sosai. Bayan rubu'in awa sai ga su sun taso, sun tsage a gefe, ƙamshi ya cika ɗaki. Goggo ta ɓare ɗaya da hannu, tururi ya fito. Ta tauna a hankali. Can ta ce, "Ikon Allah. Ashe lalaci ma yana da ranarsa."

Na fara hura hanci sai 'yarta ta sauke ni: "Tayyib, kai za ka tafi Lahadi. Juma'a ta gaba, min, wa zai yi?" Gaskiya ta faɗa. Dole hannun Goggo ya koya.

Nan aka sha daru. Hannun da ya shekara da shekaru yana alkaki da gurasa ba ya jin "bari". Ta fara a hankali, ina ƙifta ido sai in ga ta koma dannawa da tafin hannu. Sau biyu ina riƙe mata wuyan hannu, a na biyun ta ce in na ƙara za ta tuna mini ita ta yi goyon ubana. Fulawa ta kusa ƙarewa, la'asar ta yi. Na ce to ta zauna ta kalla kawai. Ina cikin murtsuka bota da yatsu, ina ɗaga garin yana zubowa warwar, sai ta ce, "Tsaya. Sake yi."

Na sake.

"Kai ɗan nema! Ai dambu ne wannan! Haka ake wa dambu da mai, a warware, ba a dunƙule shi. Tun safe ka bar ni ina fama, ba ka ce mini dambu ba?"

Wallahi ni ban taɓa haɗa su ba, cin dambu kawai na iya. Ta ture ni ta zauna. Jama'a, ku zo ku ga yatsu. Abin da nake yi da lalaci ita da gwaninta take yinsa. Ta yayyanka dabino ƙanana ta watsa a ciki, ta ce Balarabe ko ya je Ingila da dabino ya tafi. Nata ya fi nawa tashi nesa ba kusa ba. Na ci huɗu don in tabbatar.

Juma'a bayan sallar asuba ta gasa na gaske, a furun ɗinta, don ta ce yanzu shi kaɗai ta yarda da shi. Direban gidan ya zo ɗaukarta, mutumin Maraɗi ne, komai sai ya ce "bon". Aka naɗe faranti da tawul aka ɗora mini a cinya. Garin shiru, shaguna a rufe, titi namu ne. Muka wuce ta gefen tashar jiragen ruwa, ƙarafan ɗaukar kaya sun miƙe sama kamar raƙuman dawa, kwantena a jibge har ido ya gaji. Goggo ta ce nan alhazai suke sauka daga jirgin ruwa a zamanin da. Daga nan sai bakin teku. Ni da ruwan da na sani shi ne Tiga, na ga ruwa ba ƙarshe, na buɗe baki. Goggo ta ce in rufe bakin in riƙe faranti. Duk inda direba ya taka burki sai ta ce, "A hankali, ɗan Nijar!" shi kuma ya ce, "Bon, Hajiya, sikon ne ko jariri?"

Abhur wata duniya ce. Katangu dogaye, bishiyoyin dabino a jere, ba ka jin ko tari. Goggo ta karɓi faranti ta yi bismillah ta shige. Ni namiji baƙo ba ni da shiga, aka bar ni a ɗakin direba a bakin get. Ya ba ni shayi na kasa sha. Na ajiye kofin na koma leƙen get. Motocin ƙawayen Madam suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ina ta tunanin tsohuwar nan, da shekarunta, a ce ta fara neman wani kafili.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta fito, fuska a ɗaure, faranti a hannu. Na miƙe tsaye. Ta iso ta ƙwanƙwasa mini shi a ka.

"Duba. Ko ɓurɓushi ba su bari ba."

Wai ƙawayen har kicin suka biyo ta suna tambayar wa ya koya mata sa dabino. Madam ta ce duk Juma'a haka take so, kuma maganar wata kuku ta mutu. Da ta tambayi me ya canza, Goggo ta ce mata ɗan ƙaninta ne ya zo daga Kano, Allah Ya yi masa baiwar ragwanci. Direba ya yi dariya har ya ƙware. Muka yi sallar Juma'a a wani masallaci da iskar teku ke shiga ta taga, na yi godiyar da ban taɓa yin irinta ba.

Lahadi muka sauka Kano, Baba a kekensa, ni da gwangwanin sikon da Goggo ta cika wa babana. Babana ya juya ɗaya ya ce wannan fanke ne da bai ga mai ba, sannan ya ci uku a zaune. Na ɓoye ɗaya na kai wa mai gidan burodin da ya kore ni. Ya gatsa, ya tauna, ya ce, "Da daɗi, amma kwaɓin nan bai sha hannu ba." Na ce, "Oga, ai har Jidda aka kai ni saboda haka."

Na gode wa Allah da Ya kai ni ɗakinSa ta hanyar tura keke, na gode wa ogana, na gode wa Goggo da ta sauke girmanta ta kalli hannun yaro. Abin da na koyo shi ne, hannun da aka raina a wani gari ana jiransa a wani, kuma abin da ka ɗauka baƙo ne wataƙila ka daɗe da iya shi a tukunyar gidanku. Yanzu duk Juma'a da safe sai wayata ta yi ƙara: hoton faranti, da muryar Goggo tana cewa, "Malalaci, ni na gama. Kai ka tashi?"