Inna Ashatu da Hailala Dubu Saba'in

Kun taɓa ganin wadda ba ta san biro ba amma ta san dubu saba'in ciki da waje? Wallahi akwai ta nan Unguwar Rogo, Inna Ashatu, tsohuwa mai saida daddawa. Tun tana yarinya ita ka ƙirga ma kakarta ƙwallon dabino in ana zikiri, har yau in an yi rasuwa ita aka kira ta raba hailala.

Watan jiya Baba Sule mahauci ya rasu. Ɗiyarshi Jummai ta yi mishi alkawali tun yana kwance za a yi mishi hailala dubu saba'in cif ran uku. Ran ukun mata sunka taru, har da Jummai su talatin da uku, anka rasa yadda za a raba, ga la'asar ta matso kowa za shi gida. Jummai ta fara kuka.

Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba tac ce, "Talatin da uku, uku ne sau sha ɗaya. Dubu saba'in ba ta shiri da uku, balle sha ɗaya. Biyu da biyar da bakwai ta sani. Ku nemo min mata biyu, kowa dubu bibbiyu, zagayen tasbaha ashirin."

Nana Hauwa da ke koyar da lissafi a Mabera tac ce, "Inna ina kinka yi karatun ga?"

"Inda kinka ƙi zuwa. Hanya hamsin take rabuwa ba saura, zauna da wayarki ki duba."

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Hamsin ne cif, tun daga mutum guda shi ɗauke duka har mutum dubu saba'in kowa guda. 

Anka kira maƙwabta biyu, anka yi, anka shafa, mata sun fara neman takalma sai Inna tac ce kowa ta aje tasbaharta bisa tabarma. Ashe ta lura wasu sun riga wasu gamawa. Ta bi su ɗaya ɗaya da yatsa, ta ware sha uku gefe.

"Waɗanga casa'in da tara ne ba ɗari ba. Kowace ta ci ma Sule ashirin. Saura ɗari biyu da sittin."

 Shekara nawa muna ja da su ba wanda ya taɓa ƙirgawa.

Ta miƙa ma Jummai tata tasbahar tac ce, "Ke kinka yi alkawali, ke za ki cika." Jummai ta zauna ta ja su a hankali muna saurare, ta gama kafin a kira salla, tac ce, "Baba, na cika alkawali."

Don Allah ku tura ma mutanen gidanku su san wagga mata tun tana raye.