Ranar da Nan-Take Ya Ce A Jira

Bakwaini ne, kuma mahaifiyarsa ta ce tun daga nan ba ta sake ganin ya jira komai ba. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙone harshe, gobe ma ya maimaita. A makaranta shi ke fara miƙa takardar jarrabawa, rabin tambayoyin bai ko karanta ba. Abokai suka laƙaba masa Nan-Take, shi kuwa ya rungumi sunan hannu bibbiyu, har ya sa wa manhajar da ya ƙirƙira.

Manhajar walat ce, wato asusun waya na kuɗin intanet da ake kira kirifto: ka zuba kuɗinka, ka tura wa naka a ko'ina yake a duniya. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon tela, da tebur, da kwamfuta biyu, da fanka mai kukan tsohuwa, da kujerar baƙi da aka tallafe ƙafarta da kwali. Sana'ar tana ciyar da gida, ba laifi. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya, wato surukinsa.

Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai magana ɗaya. Tun da aka ɗaura aure, in an tambaye shi sana'ar mijin 'yarsa, sai ya ce, "Iska yake sayarwa." Nan-Take kan yi dariya a gaban mutane, amma maganar tana yi masa ciwo ƙwarai. Ba abin da yake so kamar tsohon nan ya ɗauke shi mutum mai aikin yi.

Sai ga shi wata rana buƙata ta kawo tsoho. Autansa na karatu a wata ƙasa, ana neman kuɗin makaranta da gaggawa, banki kuma sai jan ƙafa. Nan-Take ya tura kafin tsoho ya gama gyara zama, ya buga masa lambar shaidar turawar a takarda, doguwa kamar jelar ɓera.

"Wannan lambar auta zai duba, Baba. Zai gani nan take."

Da hantsi washegari ya ji takun sanda a matakala. Tsoho ya shigo, ya ƙi zama.

"Yaro ya ce ya duba lambarka, babu ita. Ina kuɗina?"

Nan-Take ya duba da kansa. Wallahi babu. Lambar da ya buga da hannunsa ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba, manhajarsa kuma ta rubuta da jan rubutu cewa turawa ta faɗi, a sake. Gumi ya keto masa duk da fanka. Dabara ɗaya ta zo masa: ya sake turawa daga nasa jarin yanzu-yanzu, a wuce wurin, kunya ta ƙare. Yatsansa har ya hau maɓalli.

Abin da ya tsayar da shi ƙarami ne. In turawa ta faɗi, ai kuɗin ya kamata su dawo gida, amma ba su dawo ba. Sai ya bar neman lambar, ya bi sawun kuɗin kansu. Ga su kuwa, sun fita, adadinsu bai ragu ba, adireshin auta suka nufa, suna layin tabbatarwa. Lambar ce kawai ta zama wata. Ya taɓa karanta labarin irin wannan, ya tsallake saboda sauri: kafin a tabbatar da turawa, wani a hanya na iya taɓa yadda aka rubuta sa hannun mai turawa, ba tare da ya iya karkatar da ko sisi ba, sai lambar shaida ta canja. Wanda ya dogara da lamba sai ya zaci kuɗi ba su tafi ba, ya biya sau biyu. Macuta da haka suke wanke masu gaggawa.

Yanzu sauran mai wuyar. Ya sunkuyar da kai, don ba ya iya haɗa ido da suruki.

"Baba, a yi haƙuri... a jira."

"A me?"

"A jira. Motar ta tashi, kayan na ciki, ba ta sauya hanya ba. Lambarta aka canja a tsakani. In na sake tura wata, biyu za su isa."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne yau kake cewa a jira?"

"Ni ne, Baba."

Suka jira. Tela a ƙasa yana ta taka keke. Nan-Take bai taɓa sanin lokaci na da nauyi haka ba; ya miƙe, ya zauna, ya goge allon da ba datti. Don kada hannunsa ya koma kan maɓallin, sai ya buɗe manhajar ya fara gyara ta, ta daina gaskata lamba, ta riƙa bin kuɗin da suka fita har a tabbatar. Tsoho yana tsaye, ya dogara da sandarsa.

Can wayar tsoho ta yi ƙara. Auta ne, muryarsa har ta cika ɗakin: kuɗi sun shigo cif.

Tsoho ya kashe wayar, ya mayar aljihu a hankali.

"Na ga yatsanka ɗazu," ya ce. "Da ka danna don kunyata, da ban ƙara hawo benen nan ba. Wanda ya zubar da nasa don kunyata, gobe zai zubar da nawa don kunyar wani."

Sannan ya jawo kujerar baƙi, ya gwada ƙarfinta da hannu, ya zauna.

"To, ɗana, nuna mini yadda ake buɗe abin nan a wayata. Amma a hankali."