Kofunan 'Ya'yan Wasu

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya shan sigari, ko goro bai dame shi ba. Jarabarsa ɗaya ce, tsofaffin kofunan azurfa na Faransa. Lokacin muna Unguwar Sarki, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, shi yana aikin ofis a ma'aikatar gona. Da ya ji wani Bature zai koma gida ana gwanjon kayansa, sai ya hau babur, ko abinci bai tsaya ci ba. Akwai kuma wani dillali mutumin Damagaram da ke kawo masa su, ragowar kayan Faransawan da suka zauna can.

Ƙanana ne, ba su da mariƙi, ba su kai kofin shayi ba. Abin haushi, ko ruwa ba a sha da su, don malamai sun hana sha a mazubin azurfa. Suna dai jere a kabad ɗin gilashi a falo. Nakan ce masa, "Malam, wannan ai kiwon kazar da ba ta ƙwai ne." Sai ya yi dariya ya miƙo mini ƙyallen gogewa. Ni ke goge su duk Asabar, har na san kowanne da inda ya lotsa.

A lokacin na rasa 'ya'ya biyu, ba wanda ya kai yaye, ga shi kuma ina da juna biyu. Matan unguwa sun fara raɗe-raɗin wabi nake yi. Tsoro ya hana ni sakat. In cikin ya yi shiru, sai in ajiye abin da nake yi in zauna ina jiran motsi.

Wata Asabar ina guga ya zo ya zauna kusa da ni, wai zai ɗebe mini kewa. Ya nuna mini wani rubutu mai lanƙwasa a jikin kofin da ke hannuna, wanda ni duk tsammanina ado ne.

"Kin san mene ne wannan? Sunan jariri ne. A can in an yi haihuwa, ranar suna ake ba yaro kofinsa. Wannan lotsawar ma ƙila yaron ne ya yar da shi."

Na ce, "To ina yaran?"

"Haba, abin da ya kai shekara ɗari? Ai duk sun mutu."

Ashe kayan matattun 'ya'yan wasu nake ta shafawa da hannuna, da ciki a jikina. Ya yi ta bayani cewa sai da suka girma suka tsufa, amma kunnena ya riga ya toshe. Na ce ya fitar mini da su daga gida.

"Wannan camfi ne," in ji shi. "Rai da mutuwa na Allah ne, kin fi kowa sani."

Na sani mana, ni ma na yi makarantar allo. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na daina shiga falo, abinci ya daina wuce mini, muka yi makonni sai gaisuwa. Ran nan da safe na ga ya jera su a kwali ya ɗaure a bayan babur, ya hau ya tafi. Na ɗauka ofis ya kai su ajiya, na kuma ji sanyi a raina.

Na haifi mace. Ba ta kai ranar suna ba.

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, wata la'asar na same shi a falo shi kaɗai, ya zuba wa kabad ɗin ido, ba komai a ciki sai ƙura. Ya rame ƙwarai. Tausayinsa ya kama ni har ya so ya fi nawa baƙin cikin.

Na ce, "Malam, je ka dawo da kofunanka. Ba su ba ne."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Babu su," ya ce. "Ranar da na fita da su, wurin maƙera na kai, na tsaya a kansu har suka narke. Ke kin ɗauka ke kaɗai ce kike jin tsoro?"