Siket ɗin da na hana a rage wa tsawo

A lokacin shekarata talatin da biyu, ina riƙe da shagon atamfar mahaifina a unguwar Treichville, kuma ni kaɗai ce mace mai tuƙa mota a gidanmu. Ina ji da kaina a kan haka.

Ranar sunan ɗan ƙanwata aka ce in je tashar Adjamé in ɗauko gwaggonmu da ta iso daga Maraɗi. Na riga na sha kwalliya da siket ɗin shadda, matsattse a gwiwa, bakinsa yana jan ƙasa. Tun wajen ɗinki tela ya so ya rage tsawon, na hana. Mahaifiyata ta ce in zura riga mai sauƙi, in na dawo na canza. Na ce mata ba yau na fara tuƙi ba.

Muna fitowa daga tasha, wani dattijo ɗan dako ya turo amalanken albasa zai tsallaka titi. Na gan shi sarai, ba ma gudu nake ba. Na zo ɗaga ƙafa in taka birki, ashe bakin siket ɗin ya naɗe a totur, gwiwoyina kuma sun ƙi buɗewa. Ina fizga, motar ta zabura ta buge shi. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. A asibiti bai zage ni ba, abin da yake ta tambaya shi ne wa zai kai wa mai albasa kayansa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar da na yi a gida, na ce birki ne ya ƙi. Mahaifina ya wanke bakanikenmu tas, ya daina kai masa mota. Sai bayan wata huɗu na iya faɗar gaskiya, na je na nemi gafarar bakaniken. Dattijon kuwa bai sake tura amalanke ba. Ina kai masa abinci duk Juma'a, yana sa mini albarka.

Na gaji da tuna ranar nan. 'Yan'uwa mata masu tuƙi, kafin ki tayar da mota, taka birki ki gani ko ƙafarki na motsi yadda kike so. In kayan sun riƙe ki, koma ciki ki canza. Masu suna za su jira ki.