Ƙarfen Injin Casa

Shekarar da aka rufe masaƙun Kakuri, ba babanmu kaɗai ya rasa abin yi ba. Mai shayin layinmu a Makera ya tattara ya koma ƙauye, tela ma ya bi bayansa. Tun lokacin na ƙudurta a raina sai na koyi ƙira.

Da na gama kwalejin fasaha, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa. Wata rana wata dattijuwa daga Gonin Gora ta shigo da wani ƙarfe na cikin injin casar shinkafarta, ya karye biyu.

Ta ce, "'Yata, an ce sai an aiko da irinsa daga Legas. Ga manoma can sun jibge mini buhuna."

Na ce, "Mama, zauna. A nan za mu yi shi."

Na auna, na zana a kwamfuta. Na farko bai fito daidai ba, na sake. Da la'asar ta tafi da sabo. Daga baya ta riƙa turo mana masu injina har daga Kamazou, sai da maigidanmu ya ƙara ɗaukar ma'aikata.