Inda Malam Ɗahiru Ya Tsaya

Malam Ɗahiru Tanko shekarunsa sittin da uku, tsohon mai buga tafireta ne a wata ma'aikatar gwamnati, ya yi ritaya a 1989. Shi kaɗai yake zaune a ɗaki ciki da falo a unguwar Kurmin Mashi, cikin Kaduna. Kullum da safe yakan hau bas zuwa Malali, inda yake buga wa ɗalibai aiki da kwamfuta a shagon wani mai suna Abdurrahim.

A da, in ya kawo aiki gida, matarsa Hansai ce ke karanto masa yana bugawa. In an kira salla sai ta ɗora yatsa a kan layin, ta zauna har ya dawo. "Nan ka tsaya, Malam," take cewa. Ta rasu a 1992, ba su haihu ba.

Tafireta ba ta mantuwa, takarda na nan inda aka bar ta. Kwamfuta kuwa, in an sake buɗe fayil, 'yar alamar nan mai ƙiftawa sai ta koma layin farko, ko da aikin shafi tamanin ne. Sai Malam Ɗahiru ya samo dabara. Kafin ya rufe, yakan rubuta Hansai a inda ya tsaya. Washegari ya sa kwamfuta ta nemo sunan, ya goge, ya ci gaba. Duk Kaduna babu sauran mai kiran sunan matar nan sai shi, shi ma da yatsu.

A watan Maris ya manta bai goge ba. Wata ɗaliba, Hasana, ta dawo da kundinta, malaminta ya zagaye sunan da jan biro a tsakiyar babi na uku.

"Baba, wace ce Hansai? Har malaminmu yana tambaya ko ita ta rubuta min!"

"Yi haƙuri, 'yata. Laifina ne."

Bayan sati biyu Abdurrahim ya sa sabon furogiram na rubutu.

"Baba, wannan da kansa yake tuna inda ka tsaya. Don Allah kar ka ƙara sa komai cikin aikin mutane."

Malam Ɗahiru ya rufe fayil, ya buɗe. Alamar na nan daram a shafi na arba'in da ɗaya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Lallai kam." Bai ƙara sa sunan cikin aikin kowa ba.

Ranar Litinin da ta wuce ya zo da faifan kwamfuta nasa na kansa, ya buɗe sabon fayil, ya fara rubuta yadda suka iso Kaduna a jirgin ƙasa, shi da Hansai, su biyu da akwati ɗaya. Yana layi na shida aka kira azahar. Ya rubuta Hansai, ya rufe, ya fita alwala.