Yadda Kashi Arba'in Ya Koma Biyar

Ni da yayana muka fara sana'ar yogot a Durumi, a ɗaki ɗaya da firiza biyu 'yan gwanjo. Shi ke zuwa rugagen bayan gari ya sayo madara, ni nake haɗawa, ni kuma nake riƙe da littafin ciniki, don ni na yi boko. Shekara shida muna haka, rufin asiri daidai gwargwado.

Masu manyan kantuna ne suka hana mu sakat. Su karɓi kaya su ce sai bayan wata biyu, ita kuwa mai madara kuɗinta take so a hannu. A littafi riba muke ci, a aljihu ko na man janareto babu.

Wani direba da muke sallah tare ya kai mu wurin ubangidansa a Maitama. Oga ya zaunar da mu a falo, aka kawo lemo. Ya ce shi ba ya ba da bashi, jari yake zubawa. Za a yi wa sana'ar rajista ta zama kamfani, shi kashi sittin, mu arba'in.

A bakin get na ce, "Yaya, wanda ya fi kaso fa shi ke da magana."

Ya ce, "Kai dai ka cika zargi. Mai wannan gidan, me zai ci da mu?"

Muka sa hannu. Aka sayo injin, aka sayo mota, kayanmu suka shiga har otal-otal. Shekara biyu ba a raba riba ba. Duk sanda na tambaya, sai Oga ya ce ana mayar da ita cikin kamfani ne don ya girma. Albashi kawai muke ɗauka.

A shekara ta uku aka kira taro, da lauya. Oga ya ce ana buƙatar sabon jari don gina masana'anta, za a fitar da sababbin hannayen jari, kowa ya saya gwargwadon kasonsa cikin wata guda. Wanda bai saya ba, kasonsa zai ragu.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a cire namu daga ribar da aka tara mana."

Lauyan ya yi murmushi. "Malam, wannan kuɗin kamfani ne, ba naka ba."

Oga ya saye duka. Arba'in ɗinmu ya koma biyar. Bayan wata uku aka kawo sabon manaja, ya ce Yaya ba shi da takardar makaranta, ya miƙa masa takardar sallama. Ni ban jira tawa ba.

Na kwashi takardun na kai wa wani lauya a Mararaba. Ya karanta su tsaf, ya ce babu inda aka karya doka. Ya karɓi kuɗin dubawa.

Yaya ya koma gida yana noma. In na kira shi, daga gaisuwa sai ya ce ana kiran sallah. Ni ina Mararaba, ina yi wa wani mai sayar da siminti lissafi. Har yau duk ƙarshen shekara takardar kamfanin tana isko ni, da sunana a kai, ana sanar da ni cewa bana ma ba za a raba riba ba.